Shagon da Na Buɗe wa Goggo

Wata goma sha ɗaya kacal na yi ina aiki da kamfanin sabulu, amma da ka ji bakina a lokacin sai ka rantse ni na kafa shi. Shekarata ashirin da huɗu, ina da takardar gama midil, da takalmi mai tsinin baki, da biro biyu a aljihun gaba, ɗaya ma ba ya rubutu. Aikin nawa kuwa, in za a faɗi gaskiya, loda katan-katan ne a bayan mota. In mun shiga unguwar Hausawa sai a miƙo mini bakin lasifika in maimaita da Hausa abin da babban mai talla ya faɗa da Tonanci, yaren Asantawa. Iyakarsa ke nan. Amma in aka tambaye ni a Asawase, unguwarmu a nan Kumasi, sai in gyara tsayuwa in ce ina ɓangaren ciniki.

Duk ranar Litinin da safe manaja yakan tara mu a sito, ya ɗauki alli ya zana mana hanyar da sabulu ke bi. Daga masana'anta ya zo sito, daga sito manyan matan babbar kasuwar Kumasi su ɗauka a sari, su kuma su raba wa masu tebur, masu tebur su ba 'yan talla, kafin ya isa hannun matar da za ta wanke kwanuka da shi. Ya ce kowane hannu ya taɓa kaya sai ya ƙara musu tsada, don haka mai wayo shi ne wanda ya rage hannuwa ya gajarta hanya. Ya ce mu dubi kantunan Kwara, Larabawan nan 'yan kasuwa, masu tagar gilashi, kaya na zaune a fili suna tallan kansu, ga farashi a rubuce, ba a ɓata yini ana taya da albarka. Abu uku na kwaso daga bakin mutumin nan na haddace kamar karatun allo: a baje kaya a gani, a rubuta farashi, a kai kaya wurin mai saye ta hanya mafi kusa. Ban taɓa sayar da ko allura da hannuna ba, amma ina jin da za a ba ni kasuwar Kumasi wata guda da na gyara ta.

A gida kuwa akwai Goggo, yayar mahaifina. Ba ta taɓa haihuwa ba, ita ta goye ni tun rasuwar iyayena, kuma ita kaɗai ce a duniya ba ta ɗauki biron nan nawa da muhimmanci ba. Akawu take kirana, amma yadda take jan kalmar kai ma ka san ba yabo ba ne. Sana'arta dillanci. Matan manyan gidaje da ba sa fita kasuwa su ba ta zane ko leshi ko kwalla ko ɗan kunne, ta ƙulle a ƙunshi ta rufa mayafi a kai, ta shiga wani gidan ta sayar, ta kawo wa mai kaya abinta ta cire la'adarta.

Hanyar da take bi ce ke ba ni haushi. Mace a Asawase za ta ba ta zane, ga wata a layi na gaba tana neman irinsa ido rufe, Goggo ta sani sarai, amma ba za ta kai mata ba. Sai ta tura shi ƙarƙashin gado ya kwana goma, sannan ta hau trotro, motar hayar cikin gari, ta kai shi unguwar Dichemso. Na Dichemso ta kai Suame wurin matan makanikai. Na Suame ta dawo da shi Asawase. Kullum tana kan hanya, tsohuwa da ƙunshi, ana matse ta tsakanin kwandon kifi da buhun rogo.

Yau na san dalili, kuma ba wani dogon abu ba ne. A Zango, wato unguwanninmu na Hausawa, zanen mace sananne ne kamar fuskarta. An gan shi a suna, an gan shi a biki, an san wanda ya saya mata da shekarar da aka saya. Matar da ta fitar da zanenta na ji da kai, to akwai abin da ya matsa a gidan, kuma ba ta so kowa ya sani, wani lokaci har mijinta. Shi ya sa Goggo ke kai kaya inda ba a san su ba. Ba ta da shago, ba ta da jari. Abin da take da shi kawai shi ne matan unguwannin nan uku sun yarda cewa asirin da ya shiga ƙunshinta ba zai fito ba, kuma shekara talatin ta yi tana tara wannan yardar. A wancan lokacin ni ban ga komai ba sai tsohuwa mai ɓarnar kuɗin mota.

Na sha zaunar da ita in yi mata lacca. Har zane na taɓa yi mata a ƙasa da tsinke, irin na manaja.

Na ce, "Goggo, dubi nan. Ga mai kaya, ga mai saye, tsakaninsu taku hamsin. Ke kuma sai kin zaga gari. Me ya sa?"

Ta ce, "Haka ake yi."

"Wa ya ce haka ake yi?"

Ta leƙa zanen nawa, ta ce, "Wannan da'irar ni ce? Ka yi mini ƙiba. Miƙo mini mayafina, Akawu, rana na yi."

A ƙarshen shekarar 1969 gwamnati ta ba da umarni duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. Mu an haife mu a nan, iyayenmu ma haka, amma Zango ta girgiza. Kullum ka fita sai ka ga babbar mota an ɗaure mata katifu da akwatuna, mutanen da ka sani tun kana yaro suna ɗaga maka hannu daga sama. Ciniki ya faɗi. Kamfaninmu ya ajiye motar talla ɗaya, aka duba wanda za a iya rayuwa ba shi, ba a sha wahalar nema ba. Na dawo gida da birona biyu, ina gaya wa mutane na ajiye aiki ne don in kafa nawa.

Ita kuwa Goggo aiki ya yi mata yawa. Masu tafiya na sayar da kaya, waɗanda suka zauna ma na sayarwa, don gidaje da yawa da baƙin nan suke ci. Ƙarƙashin gadonta ya cika, ta fara jera ƙunshi a bayan ƙofa.

Cikin gidajen da abin ya taɓa har da na aminiyarta, wadda nake kira Hajiya. Shekara ɗaya aka kawo su Asawase suna amare, tun daga nan ba su rabu ba. In Goggo ta yi zazzaɓi Hajiya ce ke aiko da kunu, ranar da aka sa ni makaranta ita ta ɗinka mini wando. Mijinta, Alhaji, mai masaukin fataken goro ne. Baƙi daga arewa su sauka a gidansa, ya ba su ɗaki da abinci, ya haɗa su da masu goro, ya tsaya musu har a ɗaure huhu a loda, shi kuma ya sami nasa a ciki. Zaurensa ba ya rabuwa da mutane. Da baƙin suka tafi, ɗakunan suka zama kango. Amma Alhaji bai fasa saka babbar riga ya zauna a zaure ba, kuma tuwo bai fasa fitowa daga cikin gida ana ajiye wa duk wanda ya zauna ba. Kowa na cewa Alhaji ya yi tanadi.

Da shigowar sabuwar shekara Goggo ta zame wajen saukowa daga trotro, gwiwarta ta goce. Aka kai ta wurin maɗori a Suame, ya ce ba motsi sai bayan sati uku, ta zauna a gidan ƙanwarta can kusa da shi. Na je duba ta, ta kwance makullin ɗakinta daga bakin zane ta ba ni.

Ta ce, "In mata sun aiko, ka ce su yi haƙuri ina tafe. Ka riƙa buɗe taga iska ta shiga. Kada ka taɓa komai."

Na ce to. Wallahi da na faɗa har zuciyata nake nufi. Amma kwana biyu ina buɗe tagar nan ina kallon ƙunshi a jibge, sai muryar manaja ta fara yi mini yawo a ka. Ga kaya a kwance ba mai ganinsu, ga masu kaya a matse suna jira, ga ni kuma da ilimi yana ruɓewa. Na ce wa kaina ai wannan taimako ne. In Goggo ta dawo ta tarar an sayar da komai cikin sati guda ba tare da an hau mota ko sau ɗaya ba, za ta kira ni Akawu da wata murya daban.

Akwai wani shagon katako da wani Bayarabe mai kayan koli ya tafi ya bari, a bakin titin da ke zuwa masallacin Juma'a. Da gangan na zaɓe shi, don manaja ya ce a kafa kasuwa inda ƙafa ta fi yawa. Mai wurin ya ba ni makulli ba gardama. Na sa mai fenti ya rubuta mini allo da Turanci da Hausa, cewa ga kayan mata na zamani, farashi ɗaya, ba ciniki. Na ɗaura igiya biyu daga shagon zuwa sandar wuta. Na kwance ƙunshin Goggo ɗaya bayan ɗaya, na baje zannuwa da lesuka a kan igiya, na jera kwalla da tasoshi a kan benci, manya a baya ƙanana a gaba. Na yanka kwali na rubuta wa kowane farashinsa, da ka na yanke, na manna da allura. Da yake ba ni da lasifika, sai na sa maƙerin gwangwani ya naɗa mini wani abu kamar babban mazurari, ina magana ta ciki muryata na fita kamar ta ɗan akuya a cikin tulu.

Maƙwabcin shagon wani dattijon tela ne, abokin marigayi mahaifina. Ya dakatar da kekensa ya daɗe yana kallon igiyar ta saman tabarau.

Ya ce, "Ɗana, Goggonka ta san da wannan?"

Na ce, "Mamaki zan ba ta, Baba."

Ya ce, "Za ka ba ta kuwa." Ya ci gaba da taka kekensa. Ni kuma na ɗauka addu'a ya yi mini, har na ce amin.

Ranar Litinin na buɗe. Kafin azahar wurin ya cika. Tsofaffin mata da zawarawa da masu dawowa daga kasuwa, duk wadda ta zo wucewa sai ta ja birki. Su tsaya su bi igiyar nan da ido daga wannan kai zuwa wancan, a hankali, kamar masu karanta wasiƙa. Wata ta taɓo wata ta nuna da haɓa. Wata ta kama baki ta ce Allah Sarki, ta juya da sauri. Ba a jima ba sai ga ta ta dawo da wasu biyu. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Manaja ya ce a fara tara jama'a, ciniki zai biyo baya, to ga jama'a. Na ɗaga mazurarina ina ta zuba: a matso a gani, kayan manya a farashin yara, gani kyauta ne.

Gani kuwa sun yi. Talata suka ninka, Laraba har daga Dichemso aka zo. Amma ba wadda ta miƙa hannu ta taɓa ko gefen zane. A kwana huɗu abin da na sayar bai wuce tasa biyu da ɗankwali ɗaya ba, su ma wasu Tonawa ne masu wucewa suka saya, waɗanda ba su san kowa a unguwar ba. Wannan bai dame ni ba. Na ce mutanenmu ba su saba da rubutaccen farashi ba ne, sai an wayar musu da kai. Har tausayinsu nake ji.

Akwai wani leshi ruwan zuma mai ratsin zare na zinariya, shi ya fi komai kyau a wurin. Na same shi can ƙasan wani ƙunshi, an naɗe shi a cikin farin ƙyalle, yana ƙanshin turaren wuta. Na ajiye shi sai ranar Juma'a, don na lissafa ranar ce maza masu kuɗi za su wuce. Na rataye shi a tsakiya, sama da sauran, inda makaho ma sai ya ji a jikinsa.

Wajen ƙarfe ɗaya titi ya cika da fararen riguna. Can sai ga Alhaji, mijin Hajiya, tafe a tsakiyar dattawa huɗu ko biyar, da carbi a hannu. Ya zo daidai shagon sai ya tsaya. Waɗanda ke tare da shi ma suka tsaya. Na ajiye mazurari na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya dube ni ba. Leshin yake kallo. Ya matso ya kama gefensa da yatsa biyu, ya juya kwalin da na manna ya duba.

Raina ya ce ga babban kifi. Na miƙe na karkaɗe gwiwa, na shiga yi masa irin maganar da na ji babban mai tallanmu na yi. Ban san na wace ce ba, ban taɓa tsayawa kallon zanen tsofaffi ba, kawai ƙirƙira na yi don kaya su yi daraja. Kuma da ƙarfi na yi, don na bayansa su ji su yi sha'awa.

Na ce, "Alhaji, idonka ya san abu mai kyau. Wannan daga babban gida ya fito. Ka san yadda zamani ya juya, manyan gidaje yanzu sai rufin asiri, waje fes ciki wayam. Da ba don tukunya ta matsa ba, mai wannan ba za ta rabu da shi ba ko da wasa. Ka saya wa Hajiya, zai yi mata kyau."

Dattawan nan kowa ya sami abin kallo, wani ƙasa, wani sama, wani agogonsa. Keken tela maƙwabcina ma ya tsaya. Alhaji ya saki gefen leshin a hankali, ya shafa shi ya kwanta daidai.

Ya ce, "Haka ne, ɗana. Zai yi mata kyau."

Ya wuce, suka bi shi. Ni kuma na tsaya ina cizon yatsa ciniki ya kufce, ina tunanin ko farashin ne na cika.

Da titi ya yi sauƙi, tela ya rufe kekensa ya sa hula zai tafi masallaci. Ya tsaya a gabana.

Ya ce, "Ka san mai leshin nan?"

Na ce a'a.

"Na Hajiya ne. Alhaji ya sayo mata shi da hannunsa a Makka, shekarar da suka sauke farali tare. Da shi ta sauka daga mota ranar da suka dawo, da shi take Sallah. Ba wanda bai san shi ba a Asawase sai kai." Ya ɗaga sandarsa ya bi igiyar. "Wancan shuɗin na matar mai unguwa ne. Na kusa da shi na surukar ladan. Kwallar can ta gidan da ke bayanku ce, kayan auren 'yarsu ne da ba a kai ga yi ba. Kwana biyar ke nan ka rataye mutane a titi kana busa musu ƙaho."

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Na tambaye ka, ka ce mamaki za ka bayar. Kai da ka yi boko."

Ban je Juma'a ba ranar. Kafin a sallame na sauke komai, allurar kwalin nan ta soke ni ya fi sau goma ban ji ba. Na kwashe a kai na bi ta lungu. Allon ma ban tsaya cire shi ba, ya yi wata biyu a wurin yana gaya wa duniya farashi ɗaya ne.

Washegari da hantsi tasi ta tsaya a ƙofar gida, aka fito da Goggo ana riƙe da ita. Labari ya riga ya kai Suame, ban san ta bakin wa ba. Na shirya wa zagi, na ma shirya wa mari, da ta yi da na ji sauƙi. Ta zauna a bakin gado ta miƙe ƙafar da aka ɗaure, ta dubi ƙunshin da na ƙulle a hargitse.

Ta ce, "Kwana nawa?"

Na ce biyar.

"Har da na ƙasa, mai farin ƙyalle?"

Na ce har da shi. Na gaya mata abin da na faɗa wa Alhaji, kalma da kalma, don na san in ban faɗa ba wani zai faɗa. Sai ta ce in warware komai in miƙo mata ɗaya-ɗaya. Ta ninke kowane da hannunta, ta ware na kowane gida daban, ba ta tambayi kowa ba, ba ta duba takarda ba. Sannan ta ce in nemo mata sanda.

Kwana shida muka yi muna zaga Asawase. Maɗori ya ce kada ta taka ƙafar, ta taka. Ita a gaba tana ɗingishi, ni a baya da ƙunshi a ka da takalmina mai tsini. Namiji ba ya shiga, don haka a kowace ƙofa sai in sauke in miƙa mata na gidan, in tsaya a rana kamar jakin da aka ɗaure. Masu wucewa su ce, Akawu, ya kasuwa? In ce alhamdu lillahi. Daga ciki wani lokaci in jiyo faɗa, wani lokaci kuka, wani lokaci shiru, shirun ya fi tsorata ni. Sau ɗaya na jiyo muryarta ta kan katanga tana cewa, "Ba ruwan yaro, ni na bar makulli." Yaron da take nufi yana da gemu.

Wasu sun yafe. Wasu sun karɓi kayansu sun ce Allah ya kiyaye gaba, kuma daga ranar ko tsinke ba su sake ba ta ba. Ba a yi wata biyu ba wata dillaliya daga Dichemso ta fara shiga gidajen da Goggo ta yi shekara talatin tana shiga. Amma gidan Hajiya ne ya tsaya wa Goggo a rai.

Sau uku muna zuwa. Na farko aka ce Hajiya ta kwanta. Na biyu aka ce tana wanka, Goggo ta zauna a dakali har la'asar, wankan bai ƙare ba. Na uku wata mata ta leƙo ta karɓi leshin a bakin ƙofa, ta ce an gode. Zauren da ba ya rabuwa da mutane a rufe yake.

Daga baya muka ji abin da ya faru. Da Alhaji ya dawo daga masallaci ranar, bai yi faɗa ba. Ya shiga ɗakin Hajiya ya roƙe ta ta buɗe akwatunanta. Ta buɗe, ya ga rabinsu ba komai. Nan ya gane tuwon da yake ta fitarwa zaure yana kiran mutane su ci, zannuwan matarsa ne, ɗaya bayan ɗaya, ta hannun Goggo. Ita ta ɓoye masa don kada ya karaya, shi kuma ya ji a bakin titi, a gaban abokansa, daga bakin sakarai. Tun daga ranar bai sake zama a zaure ba. Yana da takardunsa, ba wanda ya kore shi, amma ya sa gidan a kasuwa ya ce zai koma garin mahaifinsa a arewa, garin da rabonsa da shi tun yana goye.

Goggo ta ji a bakin maƙwabta cewa ranar Asabar za su tashi. Ta aike ni mahauta na sayo cinya guda, da kuɗin da ban san inda ta samo su ba, don ta daɗe ba ta yi ciniki ba. Ta dafa, ta zauna a tsakar gida da ƙafa a miƙe tana daka, ta soya da man gyaɗa da yaji, ta yi dambun nama na guzuri cike da kwano. Yini biyu ta yi a kai, ba ta yarda na taɓa taɓarya ba. Tana yi tana cewa tafiyar kwana huɗu ce a bayan babbar mota, kuma ƙawarta ba ta iya cin abincin tasha, cikinta ba ya so. Ta ce wanda zai yi tafiya ba ya ƙin karɓar guzuri, ko yana fushi. In ta karɓa, ko ba ta yi magana ba, ya isa.

Ranar Juma'a da la'asar ta yi wanka ta sa kwalli, na ɗauki kwanon muka tafi. Muka tarar da ƙofar a buɗe, tsakar gida an share, ba ko tabarma. Wata maƙwabciya ta fito da jin motsinmu.

Ta ce, "Ai tun jiya da safe suka tafi, motar ta zo da wuri. Shekaranjiya Hajiya ta zaga gida-gida ta yi wa kowa sallama, har mai sayar da gawayi. Ba ta zo wurinki ba?"

Goggo ta gyara riƙon sandarta. Ta ce, "Ta yiwu ta zo ina barci. Ƙafar nan tana sa ni barcin rana."

Shekaranjiyar nan a tsakar gida ta yini tana daka, ƙofa a buɗe, ina zaune ina kallonta.

Muka juyo. Da muka shiga gida ta zauna, ta cire mayafi ta ninke. Na ajiye kwanon a gabanta, ta tura shi gabana da ƙarshen sanda.

Ta ce, "Ci, kada ya lalace."

Dambun nama yana wata bai lalace ba, ta sani, na sani. Ba ta son ganinsa ne a ɗakin. Ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Ni na cinye shi, kwana huɗu ina ci a bayan ɗaki inda ba za ta gan ni ba, ina ci ina share ido da bayan hannu. Abin da ya fi ba ni kunya har yau shi ne ya yi daɗi.